Haƙorin da Aka Kira Harshe

A watan Oktoba na 1666 masunta suka kama wani ƙaton kifin shak a tekun da ke gaban Liborno, a gaɓar yammacin Italiya. Nauyinsa ya haura tan guda. Da labari ya kai kunnen Sarkin Tuskani, Ferdinando na Biyu, sai ya sa a yanke kan kifin a kai shi Fulorans, a miƙa wa wani ɗan ƙasar Danmak da ke zaune ƙarƙashin inuwar fadarsa, mai suna Nikolas Steno. Shekarunsa 28 a lokacin, amma ya riga ya yi suna wajen feɗe jiki don sanin yadda aka gina shi, har shi ne ya gano ƴar hanyar da miyau ke bi daga kumatu zuwa cikin baki. Ya feɗe kan, ya duba ido da kunne, ya lura da ƙanƙantar ƙwaƙwalwar. Da ya zo kan haƙora sai ya tsaya, domin ya san su. Ya sha ganin irinsu a ɗakunan da manyan Turai ke tara abubuwan ban mamaki, sai dai a can ba haƙora ake ce musu ba. Harsunan dutse ake kiransu.

Duwatsu ne masu kusurwa uku, baƙaƙe ko ruwan toka, masu sheƙi da santsi, wasu kamar farce, wasu sun cika tafin hannu. Ana tono su daga cikin duwatsu a wurare da dama, amma tsibirin Malta ne babbar kasuwarsu. Tun ƙarni na farko marubucin Rumawa Filini ya kawo zancen cewa daga sama suke faɗowa idan wata ya yi zazzaɓi. Mutanen Malta kuwa labarinsu daban ne: sun ce da jirgin ruwa ya fashe da Manzo Bulus a tsibirin, maciji ya sare shi bai yi masa komai ba, sai ya la'anci macizan wurin, harsunansu suka zama dutse. Daga nan sai amfani ya biyo. Ana rataya su a wani ɗan reshe na azurfa ko murjani a kan teburin sarakuna, ana tsoma su cikin abin sha don su tona guba ko su karya ta, ana niƙa su a sha, ana ɗaura wa yara a wuya.

Ni ban ga wauta a wannan suna ba. Wanda ya fasa dutse a kan tudu ya tsinci abu mai faɗi a gindi da tsini a kai, ba shi da dalilin da zai sa tunaninsa ya tafi teku. Ya duba abin da ya sani, ya ga harshe ne ya fi kusa, ya raɗa suna. Haka kowace al'umma ke yi da baƙon abu. Abin da ya fi jan hankalina shi ne aikin da sunan ya ci gaba da yi bayan an raɗa shi. Da aka ce harshe, dole a nemo mai harshen, sai aka samu maciji. Maciji kuwa da dafi aka san shi, sai dutsen ya zama maganin dafi. Magani yana da kuɗi, sai aka samu masu tonowa da masu fatauci da masu rantsuwa sun ga ya yi aiki. Kowane mataki ya zauna daram a kan na bayansa, har ya zama ba mai waiwayar na farkon ya tambaya me ya sa harshe, tsokar nama, zai zo da gefe mai tsaga-tsaga kamar zarto, ko me ya sa gindinsa ya bambanta da kansa a launi da laushi. Hausawa sukan ce tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa, suna nufin makusanta ba sa rasa ɗan saɓani da ke wucewa nan da nan. Wannan saɓanin ya yi shekara fiye da 1,500 bai wuce ba.

Kada a ɗauka talakawa kaɗai sunan ya riƙe. Mikele Merkati, wanda ya kula da lambun tsirrai na Fadar Fafaroma har rasuwarsa a 1593, ya sa an zana masa kan shak baki buɗe, an kuma zana harsunan dutse, kamannin a fili kowa na gani. Duk da haka matsayinsa shi ne abubuwa biyu ne daban, kuma kada kama ta ruɗi mutum. Masanan zamanin suna da hujjar da ba ta raini ba ce. Sun ga tsakuwa na tsira a cikin ƙodar mutum, sun ga ma'adinai na fitowa a ƙasa da siffofi masu tsari ba tare da wani ya sassaƙa su ba, sai suka ce ƙasa ma tana da ikon fitar da siffar kifi ko ta katantanwa ko ta haƙori a cikin dutse, ba tare da wani rai ya taɓa zama a ciki ba. Kuma suna da tambayoyi biyu masu nauyi. Idan haƙora ne, ina sauran ƙasusuwan kifin? Kuma kifaye nawa za su mutu a ɗan tsibiri kamar Malta har a riƙa fitar da haƙoransu shekara da shekaru ba su ƙare ba? Steno, da zai buga bayaninsa a 1667, zanen Merkati ɗin nan ya aro ya sa a littafinsa. Zane ɗaya, idanu biyu, hukunci biyu.

Amsar tambayoyin nan tana cikin jikin kifin. Shak ba shi da ƙashi irin namu, guringuntsi ne ke riƙe da shi tun daga kai har wutsiya, guringuntsi kuwa yakan ruɓe kafin laka ta adana shi. Haƙori ne kaɗai ke da taurin jure zamani. Game da yawa kuma, sai a leƙa bayan jerin haƙoran da ke tsaye a gaba. Akwai wani jeri a kwance a bayansa, da wani a bayan wannan, da wani, suna fuskantar maƙogwaro, naman dasashi ya lulluɓe su. Haƙorinmu a dashe yake cikin ramin ƙashin muƙamuƙi. Na shak ba shi da rami, a jikin wani zaren nama mai ƙarfi yake manne, naman kuwa a hankali yake gangarowa daga cikin baki zuwa leɓe yana ɗauke da haƙoran. Sabo yana tsira a can ciki, yana ƙara tauri yana matsowa, in ya iso bakin muƙamuƙi ya miƙe tsaye ya kama aiki, in ya wuce nan ya faɗi. Ba sai ya karye ba, ba sai ya yi ciwo ba, lokacinsa ne kawai ya cika. A wani bincike da aka yi a Fulorida aka buga a 1990, an bi wani nau'in shak mai son kwanciya a ƙasan ruwa, aka ga da zafi jeri guda kan sauya cikin kwana 9 zuwa 21, da sanyi kuwa yakan kai kwana 51 zuwa 70. Akwai wani ƙaramin nau'i mai yankar nama zagaye daga jikin manyan kifaye, shi jerin ƙasa gaba ɗaya yake zubarwa lokaci guda, ya haɗiye abinsa. Ɗan Adam haƙora 20 yake yi na yarinta, ya yi famfara, 32 su maye gurbinsu, shi ke nan rabonsa har kabari. Shak guda kuwa yana iya zubar da dubbai masu yawa kafin ya mutu. Saboda haka tulin da ke Malta ba ya bukatar mutuwar kifaye marasa adadi. Rayuwarsu ta yau da kullum ta isa, in aka ba ta zamani mai tsawo.

To, me ya sa halitta za ta riƙa zubar da abu mai wuyar ginawa haka? Na daɗe ina jin mutane na ɗauka cewa haƙorin shak wani irin ƙarfe ne da ba ya dakushewa. Binciken da aka yi a Jami'ar Duisburg-Essen ta Jamus, aka buga a 2012, ya nuna ba haka ba ne. An yanka haƙoran nau'i biyu, mai zanen damisa da kuma wani mai tsananin gudu a tsakiyar teku, aka auna. Farin ɓawon da ke rufe haƙorinmu ma'adinin kalsiyam da fosfet ne. Na shak ma haka, sai dai shi cike yake da fulorayid, sinadarin nan da ake sa wa a man goge baki, har ya kusa kai yawan da ake samu a ma'adinin dutse tsantsa. Irin wannan ma'adini ya fi namu tauri idan shi kaɗai ne, kuma ya fi jure tsami. Amma da aka gwada haƙori da haƙori, sai aka tarar taurin ɓawon namu da nasu kusan ɗaya ne. Dalili shi ne tauri ba daga sinadari kaɗai yake zuwa ba, yadda aka jera ƙwayoyin ma'adinin da abin da ke manne su yana da nasa rabon.

Jerin kuwa abin kallo ne. A haƙorin yawancin shak na yau ɓawon hawa uku ne. Na waje siriri ne ƙwarai, shi ke ba da sheƙi, kuma shi ke fara tafiya da zarar an fara aiki. Ƙarƙashinsa ƙwayoyin ma'adinin dogaye ne sirara, an ɗaure su dami-dami an jera su fuska ɗaya, don su jure ja idan kifin ya kama nama yana girgiza kai. Can ciki kuma daman sun sarƙe da juna ta kowace fuska, ta yadda tsaga in ta taso daga waje sai ta rasa miƙaƙƙiyar hanya. Ƙarƙashin ɓawon duka akwai jikin haƙorin, mai ɗan laushi, wanda ke shanye girgizar cizo. A wasu, kamar mai zanen damisa, akwai kogo a tsakiya kusan irin namu. A wasu, kamar babban farin shak, tsakiyar a cike take da wani abu mai ƙofofi kamar ƙashi. Siffar waje kuma tana bin abinci. Masu kamun kifaye masu santsi haƙoransu sirara ne masu tsini, aikinsu sokewa da riƙewa. Farin shak nasa na sama faffaɗa ne masu gefen zarto, na ƙasa sun fi siranta, su ke riƙe nama na sama na yanka. Mai zanen damisa nasa a karkace suke da wani lungu a gefe, har a kan tsagogin zarton akwai wasu ƙananan tsagogi, kuma da su yake fasa ƙoƙon kunkurun teku. Akwai masu cin dabbobi masu ɓawo a ƙasan teku, su haƙoransu na baya shimfiɗaɗɗu ne don murƙushewa.

Duk wannan gini, kwanaki kaɗan aka yi shi ya yi. A 2016 wasu masu bincike a ɗakin gwajin teku na Jami'ar Washinton suka manna haƙoran shak iri-iri a bakin zarton lantarki mai kai da komo, don su kwaikwayi girgizar kan kifin, suka riƙa yanka naman kifin salmon da su. Haƙoran mai zanen damisa da na wani mai santsin fata sun yi yanka mai kyau da farko, amma bayan ƴan yanka kaɗan kaifin ya ragu sosai. Na wani nau'i mai tsaga shida a wuya, mazaunin zurfin teku, bai kai su yanka ba, amma ya fi su daɗewa bai dakushe ba. Kaifi da ƙarko ba sa cika zama wuri ɗaya, domin bakin da ya yi sirantar da zai ratsa fata da jijiya ya yi sirantar da zai gutsure. Dabbar da za ta rayu da haƙori guda shekara sittin dole ta haƙura da wani kaifin don ta sami kauri. Shak bai haƙura ba, sai aka ba shi sauyi.

Wannan bambanci yana da ma'ana ga mai son karanta haƙori. Mai sayen ragon layya a kara ba ya tsayawa kan abin da dillali ya faɗa, buɗe bakin ragon yake yi ya duba haƙoran gaba na ƙasa: nawa ne suka sauya, nawa ne suka cinye suka gajarce. Bakin rago, kamar namu, yana riƙe da lissafin shekarunsa duka, tun da haƙorin da ya ci ciyawar bara shi ne zai ci ta bana. Haƙorin shak ba ya ɗauke da shekaru. Abin da ke jikinsa labarin ƴan makonni ne: tsinin da ya karye ranar da ya haɗu da ƙashi, tsagogin da suka shafe a gefe ɗaya, karcen da ɗan'uwansa na ɗaya muƙamuƙin ya yi masa. Gajeren labari ne, amma laka ta rufe shi, ma'adinan ƙasa suka shiga ƙofofinsa suka rina shi baƙi ko ja ko toka, ya zauna miliyoyin shekaru ba a ƙara masa ba a rage ba.

Irin waɗannan alamu na jiki, waɗanda ba su da kyan gani, su suka karya sunan harshe. Tun 1616 wani masani ɗan Nafoli, Fabiyo Kolonna, ya sa harsunan dutse a wuta ya ga sun fara zama gawayi kafin su zama toka, yadda ƙashi ke yi, ba yadda dutse ke yi ba. Steno ya lura cewa waɗanda ake samu a ƙasa mai laushi sun fi rauni, suna marmashewa, wato lalacewa suke yi a wurin, ba tsira ba. A 1670 wani mai zane ɗan Sisili, Agostino Shilla, ya jera su kusa da muƙamuƙin shak na gaske ya nuna cewa karkatar kowanne tana da gurbinta a baki, wannan na dama ne, wancan na hagu, wannan na gaba, wancan na kusurwa. A ganina nan ne zancen ya ƙare. Idan ƙasa siffa kawai take kwaikwaya, cikakkiyar siffa za ta fitar. Ba ta da dalilin yin na hagu da na dama, ba ta da dalilin gutsure tsini ko shafe gefe. Kama tana iya zuwa bisa katari, amma gurbin aiki ba ya samuwa sai an yi aikin. Steno ya yi taka-tsantsan, ya gabatar da maganarsa a matsayin zato mai hujja, amma tambayar da haƙorin ya jefa masa ba ta sake shi ba: ta yaya abu mai tauri ya shiga cikin wani abu mai tauri? A 1669 ya ba da amsa, cewa dutsen a dā laka ce da ta kwanta a ruwa ta rufe haƙorin, kuma shimfiɗar da ke ƙasa ta girmi wadda ke samanta. A kan wannan ƙa'ida ilimin tarihin ƙasa ya tsaya har yau.

Ƙa'idar ta iso har ƙasar Hausa. A lissafin masana duwatsu, wajen shekara miliyan 70 zuwa 55 da suka wuce wani hannun teku ya ratso inda Sahara take yanzu, ya kwanta a kan yankin Sakkwato da Tawa. Shimfiɗun dutsen da ya bari an raɗa musu sunayen garuruwanmu: Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina. A 1934 Errol White na gidan tarihin halittu da ke Landan ya buga bayanin burbushin kifayen lardin Sakkwato, akwai haƙoran shak a ciki, a 1972 kuma Henri Cappetta ya yi irin wannan aiki a kan na ɓangaren Nijar. Farar ƙasar Kalambaina da ake ƙonawa a yi siminti, a gindin wannan teku ta taru. Ina jin takaicin yadda yaro zai gama sakandare a Dange ko Wurno ya haddace sunayen tekunan duniya, ba a taɓa fita da shi bayan gari an nuna masa cewa shi ma a kan gindin teku yake tafiya ba.

Sai dai gano cewa haƙori haƙori ne bai kawo ƙarshen ruɗin kama ba. Tun da yawancin shak ɗin da suka shuɗe haƙoransu kaɗai suka bari, da haƙoran ake raɗa musu suna, kuma an sha ba haƙoran kifi ɗaya sunaye biyu ko uku saboda na gaba bai yi kama da na gefe ba. Shak ɗin da ake kira Megalodon, wanda haƙorinsa kan kai santimita 18, kuma ya ɓace wajen shekara miliyan 3.6 da suka wuce, masani Louis Agassiz ya sa shi gida ɗaya da farin shak saboda dukansu faffaɗa ne masu gefen zarto. Masana da yawa a yau sun raba su, sun ce zuriya daban ce da cin manyan dabbobi ya kai ta ga siffa iri ɗaya.

Burbushin da ya fi wahalar da masana shi ne wanda aka tono a yankin duwatsun Ural na Rasha, Aleksanda Karfinski ya bayyana shi a 1899 da sunan Helicoprion. Haƙora ne fiye da ɗari a jere a naɗe kamar gammo, ƙanana a tsakiya, manya a waje. Ba wanda ya yi shakkar haƙora ne, amma a ina suke a jikin kifin? Karfinski ya fara ɗora naɗin a kan hanci, ya lanƙwashe sama. Wasu suka mai da shi doron baya, wasu wutsiya, wasu suka bar shi yana reto daga leɓen ƙasa, wasu suka tura shi maƙogwaro. An fi shekara ɗari ana zane ana gogewa. Sai a 2013 Leif Tapanila da abokan aikinsa na Jami'ar Jihar Idaho suka sa wani dutse da ya adana guntun guringuntsi a na'urar hoton ciki, irin ta asibiti, suka ga naɗin a tsakiyar muƙamuƙin ƙasa yake zaune, ya cika shi. Suka kuma ga kifin, wanda ya rayu wajen shekara miliyan 270 da suka wuce, ba shak ba ne na ainihi, ɗan'uwa ne daga wani reshe na masu guringuntsi. Shi ba ya zubar da haƙori. Sababbi na tsira ta baya suna tura tsofaffi gaba, su naɗe su shige ciki, ta yadda haƙorin ƙuruciyarsa yana nan a tsakiyar naɗin har ya mutu. Da aka duba gefen haƙoran kuma, ba a ga karaya ko zaizayar da ɓawo mai tauri ke bari ba, daga nan ne aka fahimci cewa abincinsa masu taushin jiki ne, dangin dorinar ruwa.